Tsakanin Gona da Tukunya: Ina Magidanci Zai Sami Abinci Mai Lafiya Kuma Mai Araha?

A 'yan shekarun nan wasu kalmomi guda uku sun shiga bakin 'yan boko a Kano, musamman masu yawan leƙa intanet da masu sayayya a manyan kantunan birni. Ana son abinci ya kasance "oganik", wato wanda aka noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba. Ana son ya kuɓuta daga "gulutin", wato danƙon nan na cikin alkama da ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa talewa ba ya tsinkewa. Ana kuma son kada ya fito daga irin da masana suka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan GMO. A Amurka da Turai, inda wannan magana ta samo asali, kayan da aka manna wa ɗaya daga cikin waɗannan shaidu kuɗinsa kan ɗara na 'yan'uwansa, har ta kai iyalai na zama su yi lissafin yadda aljihunsu zai ɗauka. Da wannan kamar maganar ta iso nan, har wasu suka ɗauka cewa abinci mai lafiya sai mai hannu da shuni.

Idan aka fassara wa magidancin Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir waɗannan sharuɗɗa, abin da zai fara yi shi ne murmushi, domin tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da ya kwana da su a ciki sun cika biyu daga cikin ukun ba tare da wata takarda ba, ɗayan ma da kaɗan suka gaza. To amma bai kamata murmushin ya yi tsawo ba. Akwai haɗari na gaske a cikin abincin da iyalinsa ke ci, sai dai kalmomin nan uku wani wuri dabam suke nunawa. Haɗarin yana cikin abin da ke samun hatsi bayan ya bar gona kafin ya shiga tukunya: abin da aka zuba masa a buhu, da hannun da ya bi, da watan da aka saye shi. A nan ne kuma maganar araha take.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har zuwa Gezawa da Ɗambatta, tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da nazari a kan mutanen wannan yanki da gonakinsu, kuma abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake noma gona guda shekara da shekaru, babu saura babu daji, amma ƙasar ba ta mutu ba. Ga wanda ya tashi a can, wannan ba asiri ba ne. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yi musu yankan ciyawa. Da rani su ci harawar wake da ta gyaɗa da ganyen dawa. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida su ne ake tarawa, kafin saukar ruwa a loda wa jaki a mangala a kai gona, a jibge tuli-tuli. A da, jakunan da ke shiga birni da itace ba sa komowa wofi, da takin birni suke fitowa. A gonar kuma ba a shuka abu ɗaya tilo: gero da dawa a jere, wake ko gyaɗa a gicciye, waɗanda saiwarsu ke mayar wa ƙasa abin da hatsi ya zuƙe. Ga gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ga ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi. A shekarun 1990 Frances Harris ta auna abin da ke shiga waɗannan gonaki da abin da ke fita, ta tarar har ƙurar hunturu da ake tsaki da ita tana da nata rabon a cikin abincin ƙasa.

Wannan shi ne noman da mutanen Turai ke biyan jami'an duba gona su zo su shaida, bayan an jira shekara biyu ko uku gonar ta wanke daga sinadarai. Manomin Makoɗa ba shi da kuɗin wannan shaida, kuma mai sayen kwano biyu a hannunsa bai taɓa tambayarsa ita ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, takin zamani ya daɗe da shiga. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da na Shugaba Shagari a 1980, da hukumar KNARDA da ta biyo baya, duk sun koya wa manomi buhun taki, kuma a yau da wuya a sami wanda yake da hali ya ƙi barbaɗa wa dawarsa ko kaɗan ne. Shin wannan ya ɓata tuwon? Ko kusa. Shuka ba ta bambance sinadarin da ya fito daga kashin akuya da wanda ya fito daga buhu, kuma ɗan abin da ake zubawa ba ya komawa guba a cikin ƙwaya. Fifikon takin gida a jikin ƙasa yake, domin shi ke riƙe laima a jigawa, ya hana ta zama rairayi zalla. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 kan batun taki, kukan da suka yi shi ne na ƙarancinsa: kimanin kilo 8 kacal ake zubawa a kowace hekta a ƙasashen kudu da Sahara. Saboda haka manomin da bai sa takin zamani ba, sau da yawa rashi ne ya hana shi. Wanda zai zauna a birni ya ce wa mai gonar da gado ya yayyanka ta koma kamar tabarma kada ya sa taki, alhali yana da baki goma a gida, to ya fara faɗin inda zai samo masa cikon damman da zai rasa.

Haka kuma kalmar "gargajiya" ba laya ba ce. Takin bolar da ake kwasowa daga birni a yau ba irin na zamanin jakuna ba ne. Cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Kogin Jakara da rafin Getsi, waɗanda ke kwashe ƙazantar birni da ruwan masana'antun Bompai su nufi madatsar ruwa ta Wasai a Minjibir, da su ake ban ruwan lambuna masu yawa, kuma masu bincike sun sha samun ƙarafa masu cutarwa a ruwan da ƙasar bakinsa. Latas ɗin da aka shayar da wannan ruwa yana iya zama bai taɓa ganin takin zamani ba, amma zogalen bayan ɗaki da ramar gefen gona sun fi shi aminci nesa ba kusa ba, ga su kuma kyauta.

Batun danƙon alkama kuwa yana da tushe na gaske a likitance, ko da yake an mai da shi ado. Akwai wata cuta da ake kira siliyak, wadda idan mai ita ya ci alkama ko sha'ir sai jikinsa ya far wa hanjinsa, abinci ya daina kama shi. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar, kuma yana daga abin da ya lura da shi cewa a yunwar da ta afka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, sai yaran da ke fama da wannan ciwo suka sami sauƙi, da ya dawo kuma ciwon ya dawo. A ƙasashen da aka bincika sosai, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da ita. Kada kuma a ce ciwon Turawa ne: binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, waɗanda fulawa ta zama babban abincinsu, ya sami fiye da kashi 5 cikin ɗari. Alamominta a jikin yaro, wato gudawa mai naci da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini, suna kama da na tamowa, don haka tana iya ɓuya a ƙauye ba a sani ba, kuma gwajin asibiti ne kaɗai ke rabewa. Gidan da aka tabbatar yana da irin wannan yaro, dole ne ya kiyaye, har da injin niƙan unguwa da ake zuba wa alkama da gero bi da bi, har da ɗanwaken talla, wanda a da garin wake da rogo da kuka ne amma yanzu masu yi da yawa fulawa suke ƙarawa. Yawancin sauran mutane casa'in da tara kuwa, gurasa ba ta yi musu laifin komai ba.

Dalilin da zai sa magidanci ya rage alkama a gidansa na aljihu ne. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe ana noma ta a fadama, amma abincin salla ce da biki da gidan sarauta: alkaki, finkaso, taliyar murji. Abin da ya sauya shi ne zuwan fulawar jirgin ruwa, wadda ta mai da burodi da shayi karin kumallon kowa, daga baya tuwon semo da taliyar leda suka bi sahu. Tun 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka rubuta littafi sukutum a kan wannan, ma'anar sunansa ita ce "tarkon alkama", inda suka nuna yadda ƙasa ta sabar wa kanta abincin da yanayinta ba ya iya samarwa da araha. An gina madatsar Tiga, an noma alkama a Kadawa, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka janye hanin a 1992, kuma tarkon bai saki ba: fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ake ci daga waje take zuwa. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da faɗuwar darajar naira a 2023, suka bayyana a teburin mai shayi na Kunchi. Gero da dawa da maiwa da acca da wake babu ko ɗigon wannan danƙo a cikinsu, kuma ba sa jiran jirgi. Abin mamaki, a daidai lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, a daidai lokacin da ake ƙunsa acca a kwali ana sayar wa masu kuɗin Turai, yaron ƙauye yana jin kunyar a ce da ɗumame ya karya.

Sai dai a yi adalci. Burodi bai ci nasara don daɗi kawai ba. Kafin gero ya zama fura ko koko, akwai sussuka da surfe da wanki da niƙa da tankaɗe da hura wuta, kuma duk a wuyan matar gida suke, ga itace ya yi tsada. Maigidan da zai yi wa'azin komawa ga kunu da asuba, ya tuna ba shi ne zai riƙe taɓarya ba. In yana son maganarsa ta yi tasiri, sai ya haɗa da kuɗin inji da na makamashi.

Saura irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wanda shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya. A nan ma an cakuɗa abubuwa. Ingantaccen iri irin geron Sosat, wanda aka samu ta hanyar barbarar shuka da zaɓe, ba GMO ba ne, ko da yake a bakin mutane duk "irin zamani" ne. Har zuwa 2024 amfanin gona uku ne kawai aka saki ga manoman Nijeriya da wannan siffa, bayan kafa hukumar kula da lamarin a 2015: auduga a 2018, wake a 2019, masara a 2024. Babu gero, babu dawa, babu gyaɗa, babu riɗi. Ke nan iyalin da farafara da kaura da gero ne abincinsu, wannan damuwa ba ta ko ƙofar rumbunsu.

Waken ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne naman talaka, kuma tun bayan annobar da ta kashe gyaɗa a 1975 ya zama abin da manomin arewacin Kano ke dogaro da shi wajen samun kuɗi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ita ta fitar da irin da ake kira SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. An dasa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, domin ya kare kansa daga tsutsar nan da ke cinye fure ta huda ƙwanso. Masu shi sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa sau biyu. To ga inda gizo ke saƙa: mai neman wake marar feshi kuma marar sauyin halitta a lokaci guda, sai ya tarar buƙatunsa biyu suna karo da juna. Waken gargajiya irin kananado da ɗan'ila, in an shuka shi jefi-jefi a tsakanin hatsi kamar yadda kakanni ke yi, yana ba da ɗan abin da ya samu da harawa mai yawa ba tare da feshi ba. Amma waken kasuwa, wanda ake shuka shi zalla don a cika buhuna, da famfon feshi ake rainonsa, kuma galibi yaro ne ke goye da famfon, babu takalmi babu abin rufe hanci. Idan za a auna tsoro biyu a ma'auni, na feshin ya fi nauyi, domin cutarwarsa sananniya ce, ana ganin ta a asibiti, alhali manyan hukumomin kimiyya da suka yi bitar irin waɗannan amfanin gona a tsawon shekaru ba su sami shaidar cewa cin su ya fi cin sauran haɗari ba.

Wannan ba ya nufin masu adawa ba su da abin faɗa. Tambayar wa ke riƙe da iri tambaya ce mai nauyi. Wake kansa yake yi wa barbara, manomi na iya ajiye irinsa, amma masarar da aka saki ta aure ce, wadda ake komawa saye kowace shekara, kamar dai sauran masarar aure da aka saba da ita. Manomin da ya bar irin gidansu ya ɓace, ranar da kuɗi suka yanke masa ba shi da madafa. Sannan akwai haƙƙin mutum ya san abin da yake ci, ko da tsoronsa ba shi da hujja. A 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike, kuma doka ta tanadi a sa alama a jikin irin waɗannan kaya. Amma alamar a jikin me za a manna ta? Kwanon awo ba shi da takarda. Da zarar wake ya shiga kasuwar Dawanau, ya haɗu da na Damagaram da na Maraɗi da na Borno a sito ɗaya, ko dillalin kansa ba zai iya rantsuwa kan asalinsa ba.

A cikin wannan siton ne babban haɗarin yake. Ƙwaron da ke huda wake a ajiya ba ya tsoron sabon iri ko tsoho, kuma cikin 'yan watanni yana iya mai da buhu gari. Mai ajiya don riba ba zai zuba ido ba. Daga nan sai fiya-fiya, da Sniper, da ƙwayar Phostoxin da ake cusawa a buhu, wani lokaci a ɗakin da ake kwana. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, saboda an riƙa samun sinadarin da ke cikin fiya-fiya a jikinsa fiye da ƙima, a wasu samfuran ninki ɗaruruwa, kuma a 2016 ta tsawaita hanin. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: waken da aka zaɓa don a kai waje ke nan, wanda ake ganin shi ne na kirki. Wanda bai tafi ba, cikin wa ya shiga? A 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta gargaɗi jama'a kan zuba wa wake Sniper, a 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa, amma duk wanda ya ratsa kasuwar ƙauye ya san inda ake kasa su. Ana kukan targaɗen GMO, ga karaya a cikin tukunyar alale.

Akwai ma gubar da babu hannun mutum a cikinta. Gyaɗa da masarar da suka sha laima suka yi funfuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta ya tsumbure yara, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ƙwayoyin da suka motse ko suka yi baƙi, waɗanda ake warewa a sayar da rahusa, su ne kan ƙare a ƙuli-ƙulin yara. Wannan araha ce da ba ta ado. Tsincewa a zubar, da shanya a kan tabarma ko leda har ta bushe ƙayau, shi ne maganinta, kuma ba ya cin ko sisi.

Abin farin ciki, rigakafin gubar ajiya ba shi da tsada. Tsofaffi sun san cakuɗa wake da toka ko yashi ko barkono, sun san gero a zangarniyarsa cikin rumbu yana shekara ba ya komai. Jarka ko duro mai murfi da aka cika taf aka toshe yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. A kan wannan dabara ce Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da buhun nan na PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana yin sa a nan Kano. A shanya wake ya bushe, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, shi ke nan. In an kiyaye shi daga ɓera, buhu ɗaya na iya yin kaka biyu ko uku. Wanda kuwa dole ta sa shi awo a kasuwa da bazara, to waken da ya gani sumul babu huda ko ɗaya, watanni shida bayan girbi, shi ya kamata ya yi wa tambaya, ya kuma sansana. Wanki da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, ba sa kawarwa duka.

To ina arahar? Magidancin da gidansa ke cin kwano biyu na hatsi a rana yana buƙatar kwano 60 a wata, wato buhu ɗaya da rabi idan buhu na ɗaukar kwano 40, buhu 18 ke nan a shekara. Gonar gado a wannan yanki ba kasafai take ba da haka ba, kuma ɗan abin da ta bayar, bashin taki da kuɗin makaranta da auren kaka suna tilasta a kai shi kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi tun yana ɗanye, lokacin da kowa ke sayarwa. A watan Yuli ko Agusta sai ga shi ya dawo da 'yar jakarsa yana awon hatsin, wataƙila nasa ne ma, bayan ya yi wata takwas a siton wani ya sha magani ya ƙara kuɗi. An sayar da kare an sayi biri. Shekarar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ta nuna munin wannan, domin a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma a watan Fabrairu na wannan shekara hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci.

Saboda haka hanyar da ta fi kusa da cika sharuɗɗan nan uku, kuma ta fi sauƙi ga aljihu, hanya ce guda: a sayi hatsi da kaka daga hannun manomin da aka sani, a ajiye shi da hannun kai. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ba ya iya sayen buhu goma a tashi ɗaya, adashi na nan, kuma 'yan'uwa uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su raba. Sanayya ita ce takardar shaidar ƙauye: wanda kuke salla a masallaci ɗaya, yake kuma ci daga rumbun da zai auna maka, shi ne zai faɗa maka gaskiyar abin da ya fesa. Ba kullum wannan ke zama riba ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko, masu tarawa don kasuwa da yawa suka tafka asara. Amma mai ajiya don ciki, ko da bai ci ribar kuɗi ba, ya san abin da ke cikin buhunsa. Matsalar da ta rage ita ce ta wanda ba shi da rarar da zai ajiye ko zubin da zai yi, mai awon gwangwani kullum ta Allah, kuma shi ne mafi yawa. Shi ba dabarar saye ce za ta cece shi ba, sai hukuma ta shiga sito da abin gwaji, ta kuma ba ƙaramin manomi rancen da zai riƙe hatsinsa ya wuce kaka.

Akwai kuma wani gefe da ya shafi harshe kai tsaye. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abin da likita ya ba shi ya sha da abin da ya zuba wa ƙwaro ya mutu: magani. Wanda aka ce masa "an sa wa waken magani" ba ya jin faɗuwar gaba, wani ma daɗi zai ji, kamar an ce an gyara. Da a ce tun farko "guba" aka sa wa abin, da ɗan kasuwa ya ji nauyin faɗi, da mai saye ya ja da baya. Malaman gona da gidajen rediyo suna iya fara wannan gyara gobe. Kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshi da girbi, da gargaɗin cewa kada a kusantar da abin ga abinci, galibi suna nan a rubuce a jikin kwalbar, da Ingilishi, cikin ƙananan haruffa, ga manomin da ajami ya iya karantawa.